Rigar da Ba Ta Kai Bangaladash Ba

Ƙarfe biyar saura kwata na yammacin Asabar, muna zaune a shagona na ɗinki a Fagge mu uku: ni, da maƙwabcina Bayarabe mai sayar da maɓallai, da wani malamin sakandare da ya zo karɓar kaftaninsa. Malamin ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Baba, ka gane wannan?" Na gane mutumin da ke hoton duk da furfurar. Ya ce sanarwar rasuwa ce, tsohon shugaban wata jami'a a Bangaladash. Na yi salati, hankalina ya tafi kan adakata, inda babbar rigarsa take kwance har yau.

Zan faɗi abin bi da bi.

Da farko, marigayin ya zo Kano da ƙuruciyarsa yana koyar da fiziks a jami'a, malamin nan ma ɗalibinsa ne. Duk Asabar yakan je Sabon Gari sayen kifi, don a ƙasarsu ba a cin shinkafa babu kifi, sannan ya biyo ta wurina. Ranar farko yadi ya kawo daga kasuwar Kwari, wai in haɗe bakinsa ya riƙa ɗaurawa a gida. Na ce, "Malam, namiji da zane?" Maƙwabcina ya ce, "Ɗinka masa, Ba'indiye ne." Ya juya wurin Bayaraben da Hausarsa mai gargada ya ce, "Ni ba Ba'indiye ba. Kai Bahaushe ne?" Na ɗinka.

Daga nan muka saba. Yakan ɗaga bugaggiyar shadda a bakin ƙofa yana bayyana mini dalilin sheƙinta. Ni firamare na tsaya, ban gane duka ba, amma bai taɓa gajiya da maimaitawa ba.

Sai aka kira shi gida. Ya kawo shadda fara ya ce yana son babbar riga, a yi mata aikin keke don tafiyar ta matso. Na ƙi. Na ce mutum irinsa aikin hannu ya dace da shi, kuma aiki yana da tsari: a yanka, a zana, a yi aiki, a kai bugu. Da ranar ta zo, wuyan kawai aka gama. Ya ce, "Alhaji, ko rabi ne ba ni." Na ce rabin riga ba ta fita daga shagona. Ya yi dariya ya ce zai dawo hutu ya karɓa.

Bai dawo ba, adireshi ma bai bari ba. Rigar ta kammala bayan damina. Da labari ya zo an naɗa shi shugaban jami'a, na fito da ita na duba, na mayar.

Ranar Asabar ɗin da muka ga sanarwar, maƙwabcina ya ce, "Alhaji, da ka yi masa na keken, da ya ci ado ranar naɗin." Na ce har yanzu ban yarda na keke ya dace da shi ba. Amma dai gaskiya ne, rigar ba ta taɓa jikinsa ba.

Yanzu ta zama ta magadansa, ni kuma shekaru sun ja, ba na so a raba ta cikin gadona. Yana da ɗa namiji da aka haifa a nan Kano. Mai karatu, in ka san wani tsohon ɗalibinsa da ke magana da ɗan, ko ɗan kasuwar da ke zuwa ƙasarsu, don Allah ka turo shi Fagge, ya tambayi telan da ya ɗinka wa namiji zane.