Yadda Goggo ta ɓace a talabijin ɗinmu

"To ni ina nake?" in ji Goggo, ƙanwar babana, tana nuna talabijin.

Takanas ta zo Azare daga Gamawa don ta ga hotunan sunan 'yata, shi ne na jona kwamfuta da talabijin ɗin falo. A kwamfuta ga ta nan tsaye a gefen hoto, amma a talabijin bakin mayafinta kawai ake gani.

Na shiga saitin allo na canza lambobin faɗi da tsawo. Allon ya yi baƙi. Na sake, kawunanmu suka yanke. Gumi ya keto mini, na rubuta wasu lambobin da ka, wallahi ban san me na sa ba.

Sai ga Goggo ta fito. Amma fa kowa ya baje, kamar an danne mu.

Na kai hannu zan gyara, ta riƙe ni.

"Bar shi haka, Sani. Tun jinyar bara rabona da ganin kumatuna."

Har yau ban taɓa shi ba. Jama'a, gyarawa na yi ko ɓatawa?