Zainab da Sunayen da Na Ƙi Dubawa

Ina cikin bas daga unguwar Withington a nan Manchester zan tafi aiki, Malam Sani mijin Dokta Zainab ya kira ni. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Yaya Safiya, ƙanwarki ta cika da safen nan." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na sauka a tashar da ba tawa ba, na tsaya bakin titi riƙe da waya.

Mutane za su faɗi alherinta, kuma gaskiya za su faɗa. Ni abin da ya rage mini shi ne wanda ban taɓa gaya mata ba. Shekara da shekaru ina kishin yarinyar nan.

Ba ƙanwata ta jini ba ce, amma ni na tarbe ta a Manchester da ta zo karatu. A falona na Moss Side ta yi wata biyu, ni na kai ta rajista wurin GP, wato likitan unguwa. Daga baya ta shigo sashenmu, aikinmu ɗaya, bin diddigin yadda ciwon daji ke ƙaruwa ko raguwa tsakanin mutanen Asiya mazauna ƙasar nan. Tsofaffin takardun asibiti da yawa ba su nuna asalin marar lafiya, sai mu bar kwamfuta ta dubi suna ta yanke hukunci. Na daɗe ina wannan aiki ban ga komai ba. Zainab ba ta rufe wata uku ba ta juyo da kujerarta ta ce, "Yaya, na'urar nan fa duk wani Abdullahi da Amina 'yan Asiya take mayar da su. Ni da ke ma mun zama 'yan Pakistan." Kowa ya yi dariya, har da ni. Amma wallahi ranar abinci bai shiga cikina ba. Sunayen gidanmu ne, kullum suna gabana, sai yarinyar da ta zo jiya ce ta gani!

Da gwamnati ta tsuke bakin aljihu aka rushe sashenmu. Gurbi ɗaya ya buɗe a Birmingham, mu biyu muka nema, ita aka ɗauka. Ni na koma koyarwar wucin-gadi a Salford. Har gida na je taya ta jere, ina murmushi, zuciyata kuwa tana tafasa.

Ba ta zama a ofis kamar mu ba. Ta koyi gaisuwa da Urdu, harshen 'yan Pakistan, tana shiga ajin ɗinkin mata, ta zauna a ƙasa ta sha shayin tsofaffi har su yarda su je gwaji. Takan ce, "Kowane layi a kwamfutar nan uwar wani ce." In an ce ta cika tsanani sai ta ce, "In muka ƙirga ba daidai ba, unguwar da ba ita ba za a kai wa likita." Duk lokacin da na ji ana maimaita maganganun nan a taro, sai in duƙar da kai ina wasa da biro.

Bara ta aiko mini da dogon jerin sunaye. Ta ce, "Yaya, kin fi ni sanin sunayen mutanenmu, ke kika tashi a babban gida a Zariya. Don Allah ki ware mini namu daga nasu, a koya wa na'urar." Na ce to. Ban buɗe ba. Sau uku tana tuna mini ina cewa aiki ya yi mini yawa. Ƙarya nake. Ba na so in ƙara mata ko taki ɗaya a gabana. Ashe a lokacin ciwon da take ƙirgawa ya riga ya kama ta, ba ta gaya wa kowa ba sai mijinta.

Ganina da ita na ƙarshe a asibiti ne, ta rame ta zama rabinta. Ba ta yi mini ƙorafi ba. Ta kama hannuna tana dariya ta ce, "Yaya, kin ga ni ma na shiga lissafin 'yan Asiya. Sai ki fitar da ni." Na ce, "Ke dai tashi ki fitar da kanki." A ranar ya kamata in nemi gafararta, amma ban nema ba.

Jiya da na dawo daga sadakar uku na buɗe jerin. Wuni ɗaya ya ishe ni gamawa. Wuni ɗaya kacal, jama'a, shi na hana ta har ta koma ga Allah.

Ya Allah Ka jiƙan Zainab, Ka sa jinyarta ta zama kaffara, Ka haskaka kabarinta, Ka sa Aljanna ce makomarta. Ka ba Malam Sani haƙuri, Ka raya 'ya'yanta Yusra da Bilal da albarka, Ka sanyaya zuciyar mahaifiyarta da ke Kano. Ni kuma da ba ni da sauran damar roƙonta, ya Allah Ka yafe mini, Ka sa ta yafe mini ranar da za mu haɗu. Amin.