Jarmila da Matakalar Gidan Kubala

Kullum da safe Malama Jarmila Drozdova takan shiga ofishin gidaje na birnin Ostrava, ta haɗa kofi, ta hau kiran masu gidajen haya. Hira kan yi daɗi har sai ta ambaci cewa gwamnati ce ke cika wa ɗan haya kuɗin. Daga nan sai ta ji, "Ayya, jiya-jiyan nan aka kama ɗakin." Ko a jikinta, sai ta kira na gaba. A haka furfura ta cim mata, ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Abokan aikinta sun fi tuna ta da maganar Zaneta, wadda hukuma ta ɗauke 'ya'yanta biyu ta kai gidan rainon yara saboda ba ta da matsuguni. Kotu ta ce in ta sami gida ta zauna daram, za a mayar mata da su. Da kyar da siɗin goshi Jarmila ta shawo kan wani mai gida, Malam Oldrich Kubala.

"Na ji, Malama," ya ce. "Amma in maƙwabta suka kawo ƙararta, ta kwashe komatsanta."

Ba a rufa wata ba ya kira.

"An kawo ƙara."

"Ƙazanta?"

"Ina fa. Tsafta."

A irin benayen nan wankin matakala karɓa-karɓa ne. Akwai ɗan allo da ake ratayawa a ƙofar mai aikin mako, in ya gama ya miƙa gaba. Zaneta daga gidan kwanan marasa galihu ta fito, ba ta san da wannan ba, maƙwabta kuma suka riƙa tsallake ƙofarta da allon. Tsoron kada a ce mata ƙazama ya sa ta riƙa wanke matakalar kullum, har a makon Iya Bozena, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a gidan. Garin neman gira ana shirin rasa ido.

Jarmila ba ta aika takarda ba. Ta je wurin Iya Bozena da ƙafarta, ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta ci burodin zaƙin tsohuwa har da ƙari.

"Wato ni ce ban iya wanki ba," in ji Iya Bozena. "Na wanke, ta bi bayana ta sake! Tun uwarta ba ta yi wayo ba nake durƙuso a matakalar nan."

"Ai kin yi haƙuri, Iya. Ni ma na duba aikin nata, ruwa kawai take malalawa. Ba ta sami mai koya mata ba ne."

Tsohuwa ta gyara zama. "Lungunan ma ba ta taɓa su."

"To wa zai nuna mata in ba ke ba?"

Washegari aka ga Iya Bozena tsaye a kan Zaneta, tana nuna lungu da sanda tana faɗa. Da makon ya ƙare, tsohuwar da kanta ta rataya allon a ƙofar Zaneta. Malam Oldrich ya sabunta hayar.

Malama Jarmila, ke ce kika gane cewa gwamnati tana iya biyan haya, amma ba ta iya sayen maƙwabci. Mun gode miki. Masu gadon kujerarki, a riƙa tashi daga kanta ana taka ƙafa, don abin da ke korar talaka daga gida ba kullum yake zuwa ofis ba.

Makon jiya Jarmila ta leƙa gidan yin sallama. Iya Bozena ta tare ta a matakala.

"Ke kika jawo mini wannan. Yaran Zanetan nan ba sa barina in runtsa da rana, sai guje-guje a saman kaina."

"Kin gaya wa Malam Oldrich?"

"Shi a wa? Ai na ja kunnensu da kaina."