Sallahu Goma Sha Ɗaya da Farin Doki Ɗaya

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, ana idar da sallar asuba muka bar gida a Wuro Patuji, ni da yarana biyu, muka nufi tashar Mubi za mu Maiduguri. Masu tsayawa a bakin shagona suna tambayar yaya hanya, ga amsarku gaba ɗaya. Na gaji da cewa lafiya lau alhali raina a ɓace yake.

Bari in fara da dalilin tafiyar. Maƙwabcina malamin firamare ne, mutumin Michika. Farkon hutun Ista ya kai 'ya'yansa Maiduguri, inda wasu mutane suka kafa injinan wasan yara a wani fili: lilo mai tashi sama, ƙananan motoci, da dawakan katako masu zagayawa ana kiɗa. Ya dawo da hoton 'yarsa a kan wani farin doki. Babbar 'yata, mai shekara bakwai, ta ga hoton nan. Ba zan faɗi sunanta ba, 'yar fari ce, kun san mu da wannan. Yarinyar da ba ta taɓa roƙona ko alawa ba, sai ga ta kullum a gidan malam tana neman a ƙara nuna mata hoto. Har malam ya same ni a kan keken ɗinki ya ce, "Tela, yarinyan ka yana so fa. Kai shi mana. Lahadi na sama za su kwashe kayan." Na kira ta na ce mata za ta hau farin dokin nan. Da bakina na faɗa, ba wanda ya matsa mini.

Mako biyu muka yi muna shiri. Malam ya ce ba a hawa da zane, sai na ɗinka mata wando da riga da wani jan yadi, na yi masa aljihu don ta ce tana so. Ta kwantar da turmin uwarta a tsakar gida, kullum da yamma ta hau ta riƙe igiya tana koyon zama. Ƙanenta mai shekara huɗu shi ko a jikinsa, an ce masa za a shiga mota ne kawai ya yarda. Uwarsu tana jego, ba ta zuwa. Abu ɗaya ta ce mini: "Malam, in kun sauka ka fara kai su wajen wasan, sauran abubuwa su biyo baya." Na ce mata ai ba yaro ba ne ni.

Kuskurena na farko shi ne barin labarin ya fita. A Mubi ba ka tafiya kai kaɗai, da unguwa kake tafiya. Kafin daren Juma'a sallahu goma sha ɗaya sun taru a zaurena: rabin buhun gyaɗa, kwalbar man shanu, wasiƙu huɗu, ƙullin daddawa, tabarma, turmin atamfa, zuma daga wani ɗan'uwa a Mugulbu, da zakara mai rai wanda wata tsohuwa ta ce a kai wa jikanta da aka yi wa kaciya. Wa zan ce wa a'a? Duk wanda ya kawo sai ya ce, "Ai kan hanyarka ne." Maiduguri gaba ɗayanta ta zama kan hanyata.

A tasha muka samu fijo mai cin mutum bakwai, aka cusa mu goma. Kuɗin mota ya ƙaru da naira guda a kan na bara, wai taya ta yi tsada, kuma abin da na biya wa kayan mutane ya fi kujerar yaran. Zakara aka ce ba zai shiga but ɗin motar ba, zai mutu, sai a ƙafata. Kafin mu kai Mararraba ya yi mini aika-aika a gefen riga.

Hanyar dai tana da kyau ga mai natsuwar kallo. Daga Uba zuwa Bazza zuwa Michika duwatsu na hannun dama, manoma suna sharar gona, hayaƙi na tashi nan da can. Kowane mayo, wato rafi, muka tsallaka ya ƙafe, mata sun tona yashi suna kwalfar ruwa da ƙoƙo. A Michika na sayi mangwaro, kashi guda sule biyu, mai zaƙi ƙwarai. Ƙaramin ya sha ya ɓata gaban rigarsa ya yi barci. Ita kuwa ta ƙi sha. Jan wandon yana cikin leda a kan cinyarta, ta ƙi sakawa don kada ya yi datti, ta ƙi shan mangwaro don kada ya ɗiga a kai. Bayan Madagali muka bar Gongola muka shiga Barno. A Bama direba ya tsaya, muka ci shinkafa da soyayyen kifi a wata rumfa, zafi kamar a bakin murhu. Wajen la'asar muka shiga Maiduguri.

Gidan Baffa muka sauka, ƙanen mahaifina, dattijo mai sayar da huluna a Hausari. Ya yi murna ƙwarai, ya sa aka dama fura. Da ya tambaye ni abin da ke tafe da ni, nan na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko. Ta yaya magidanci mai gemu zai dubi ƙanen ubansa ya ce ya bar shago, ya keto garuruwa, don 'yarsa ta fari ta hau dokin katako? Bakina ya ƙi. Na ce, "Zumunci ne, Baffa, sai ɗan sallahun mutane." Ya sa mini albarka. Da na ce zan ɗan zaga da yara kafin magariba, ya ce baƙo ba ya fita ranar da ya sauka, mutane za su zo gaisuwa. Suka kuwa zo. Yarinyar ta leƙo zaure sau biyu da ledarta a hannu, na yi kamar ban gan ta ba.

Lahadi da safe ta sa jan wandon tun kafin a karya. Na ce a raina mu je filin wasan tukuna. Baffa ya dubi man shanun da ya fara narkewa, ya dubi zakaran da ya yi laushi, ya ce, "Amana ake fara saukewa. Tashi mu je, ni zan nuna maka gidajen." Ya ɗauki sandarsa, ya riƙo hannun jikansa, wani ɗan lukuti mai shekara biyar.

Jama'a, kun san ba a miƙa sallahu daga bakin ƙofa. Sai an shimfiɗa tabarma, an kawo ruwa, an tambayi mutanen Mubi ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda suka rasu. A Gwange mai wasiƙa ba ta iya karatu, ni na karanta mata, ta yi kuka, ta sa na rubuta amsa. A Gamboru mai gyaɗa ya tashi daga gidan, sai da muka bi unguwa muna tambaya. Gidan zakara an yi tuwo, suka rantse sai mun ci. A Bulunkutu muka tarar an yi rasuwa, ta'aziyya ta kama mu. Ko'ina muka shiga yarinyar nan tana durƙusawa ta gaishe da mutane, ta koma gefe ta tsaya, ba ta zama a ƙasa saboda wandon. Sau ɗaya tak ta matso ta ce a hankali, "Baba, rana ta yi." Na ce mata saura gida biyu. Saura huɗu ne.

Sai bayan la'asar sakaliya na samu ƙarfin hali na ce wa Baffa akwai wani wajen wasa da yara suka ji labari. Ya yi dariya ya ce, "Au, shirmen nan? Ai wannan ya hau har ya gaji." Jikansa yake nufi. Muka tari tasi.

Filin yana da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. An kewaye shi da kwano, janareta na ruri, ga fitilu masu launi, ga masu sayar da ƙanƙara da gyaɗa. Shiga sule biyar ne kowane kai, kowane wasa da tikitinsa. Can gefe har an fara kwance lilon ana lodawa a babbar mota. Dawakan suna tsakiya, guda goma sha biyu, suna hawa suna sauka. Yarinyar ta matse mini yatsu ta ce, "Ga shi can." Farin ne, da jan linzami, an ɗan goge masa fenti a kunne.

Layin ya yi tsawo, kuma zamanin nan ba mai tsallake layi. Muka tsaya. Zagaye biyar aka yi a gabanmu, tana ƙirgawa. Rana ta yi ja. Da muka iso gaba, mai kula da injin ya ɗaga hannu ya ce wannan ne na ƙarshe, ana kiran magariba za su kashe janareta. Yara suka ruga. Doki biyu suka rage, kuma wallahi ɗaya daga ciki farin ne. Ta riga kowa isa, ta ɗora hannu a kan linzamin.

Sai jikan Baffa ya ce shi farin yake so. Mu kuma yara uku gare mu.

Na roƙi mai injin ya bar biyu su hau ɗaya, ya ce doka ɗaya-ɗaya ce, ƙarfen ba ya ɗauka. Na dubi Baffa. Da ya ce wani abu ma da sauƙi. Sai ya kau da kai yana jan carbi, irin na dattijon da ke jira ya ga tarbiyyar da aka yi maka. Na kwana a gidansa, na ci tuwonsa, ya yini yana yawo da ni a rana. Zan hana jikansa in ba 'yata, 'yar fari, a gaban idonsa? Ni da hannuna na cire hannunta daga linzamin nan. Yatsunta sun riƙe, sai da na ɗan ɓamɓare. Na ɗaga jikan Baffa na ɗora.

Saura baƙin doki. Har yanzu da na ɗora ta a kai, da an rage wani abu. Amma ƙaramin ya ga an ɗora wani, ya fasa kuka yana miƙa hannu. Wata mata a bayanmu ta ce, "Haba 'yammata, ke babba ce, bar wa ƙanenki." Na ji bakina yana maimaitawa: "Ke babba ce." Na ɗora shi.

Aka kunna kiɗa. Ƙaramin nan tun zagayen farko ya tsorata, ya ƙanƙame ƙarfe yana ihu a sauke shi, haka ya yi ta yi har aka tsaya. Jikan Baffa kuwa hamma yake yi. Ita tana tsaye a jikin shinge, hannayenta biyu cikin aljihun da na ɗinka mata, duk sanda farin ya wuce sai ta bi shi da ido. Ba ta yi kuka ba. Na so ta yi, da na samu abin rarrashi. Aka kashe janareta, fitilu suka mutu, aka kira salla. Baffa ya dafa kafaɗata ya ce, "Yarinyarka tana da hankali. Ka iya tarbiyya." Ban taɓa jin yabon da ya yi mini ɗaci irin wannan ba.

Litinin da safe muka kamo hanya, da sababbin sallahu shida na dawowa. Ta cire wandon ta mayar cikin leda. A Bama na saya mata ƙanƙara, ta ce ta gode, ta miƙa wa ƙanenta. A Michika na sayi mangwaro, wannan karon ta sha, babu abin da take tsoron ɓatawa. Daga Maiduguri har Mubi ba ta ambaci doki ba, ni ma ban iya ba.

Muna isa gida yaran unguwa suka kewaye ta. 'Yar malam, mai hoton nan, ta ce, "Kin hau farin?" Ina tsaye da kaya a hannu. Yarinyata ta ce, "Na hau. Yana tashi sama yana sauka, kunnensa ɗaya ya goge." 'Yar malam ta juyo gare ni ta ce, "Baba Tela, da gaske?" Na ce da gaske. 'Yata ta ɗago ta dube ni, kallo ɗaya, ta shige ciki. Yarinya mai shekara bakwai ta yi ƙarya don ta rufa wa ubanta asiri, uban kuma ya sa hannu ya karɓa. Uwarta ta ji gaskiyar daga bakina a ɗaki. Ba ta yi faɗa ba, ta ce, "Ai na gaya maka," ta juya ta ci gaba da ba jaririya nono.

To, ga abin da tafiyar ta koya mini, ga duk mai niyyar kai yaransa irin wannan wuri. Kada ka gaya wa unguwa. In ka sauka, ka faɗi abin da ya kawo ka da bakinka, ko a gaban wa, ko za a yi maka dariya. Ka je da safe. Ni na ji kunyar Baffa, na ji kunyar tsohuwa mai zakara, na ji kunyar wata mata a layi da ban san ko sunanta ba. Mutum ɗaya ce ban ji kunyarta ba, ita ce wadda na yi wa alkawari. Sallahu goma sha ɗaya na ɗauka, kowanne ya isa hannun mai shi, har ana sa mini albarka.

Jiya malam ya ce wai ya ji masu injinan sun nufi Kano, wataƙila su dawo baɗi. Na shiga gida da saurina na gaya mata, na ce in sun dawo zan kai ta, ita kaɗai. Tana tsakar gida, ta riga ta tayar da turmin tsaye, ta kwance igiyar ta mayar wa uwarta. Ta ce, "To, Baba," irin yadda ake amsa wa baƙo, ta ɗauki tsintsiya ta ci gaba da shara.