Kabarin da Muka Kasa Nunawa

Shekarar da masu neman man fetur suka shigo fadamarmu ta gabas da Haɗeja, ruwa ya janye, mun gama yankan shinkafa. Suka shimfiɗa wayoyi daga bakin kogi har inda ido ya tsaya. Wai cikin ƙasa suke saurare.

Shugabansu, mutum mai ladabi, ya zauna da mu a inuwa ya yi bayani. Gona tamu ce, mu noma, 'ya'yanmu su gada. Amma abin da ke ƙarƙashinta, mai ko ma'adini, na gwamnatin tarayya ne, ita ke ba kamfani izinin nema. Namu diyyar abin da aka ɓata a sama.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta ce, "Ɗan nan, ƙarƙashin daga ina ya fara? Yayana yana ciki."

Gaskiya ta faɗa. Mahaifinmu ya rasu lokacin wata ambaliya da ta raba mu da maƙabarta, aka rufe shi a tudun gonar. Mu ba ma gina kabari, ba ma rubuta suna. Fasasshiyar tukunya aka kifa, ita ma wani ruwan ya tafi da ita.

Mutumin ya ce za su haƙa ramuka su fasa nakiya a ciki, amma ban da kusa da kabari. Ba za su iya kauce wa tudun duka ba, ga kogi ga tafki. Mu nuna wurin kawai.

Muka hau. Na nuna gindin wata giginya. Wana ya ce, "Malam, karatu ya cinye maka ido? Can ne." Gwaggo ta tuɓe takalmi tana zagayawa, ta tsaya, ta koma baya. Daga bisani ta zauna ta ja mayafi ta rufe fuska.

Suka haƙa tsakanin inda na nuna da inda wana ya nuna.

Da suka fasa, ƙarar ba ta fito sama ba. A tafin ƙafa na ji ta, kamar an turo ƙofa can ƙasa. Shanun da ke kiwo a gefe suka ɗaga kai gaba ɗaya, suka fuskanci tudun, suka daɗe a haka.

Gwaggo ta tambayi mutumin, "Me kuka jiyo?"

Ya ce sai an kai birni an duba.

Ta ce, "To, kada ka zo ka faɗa mini."

Ba su dawo ba. Tun daga nan ban ƙara sa garma a tudun ba. Idan na je ziyara, daga gefe nake tsayawa in yi sallama, in yi masa addu'a, don ban san inda zan taka ba.