Harin da Bulus Ya Shirya Kai wa Boila

A duk shekarun da na yi ina aiki a masaƙa a Kakuri, akwai wata Laraba da ta ƙi fita daga raina. A 1999 ne, shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, damina ta yi nisa. Ni a lokacin babban akawu ne a ofishin kula da ma'aikata. Ga waɗanda ba su san aikin ba, mu ne masu riƙe fayil ɗin kowa. Hutu, ƙarin girma, gargaɗi, sallama, duk ta teburina suke bi kafin su isa gaban manajanmu, Oga Tanko.

Wani injiniya Bature da ya gama kwantiraginsa ya bar wa Bulus, foman na masu gyaran inji, wani kwalin wasa. In ka buɗe, taswirar wani yanki ce ta ƙasar Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Farko, an yanka ta gida-gida kamar saƙar zuma. Ramukan sojan Ingila a hagu, na Jamus a dama, tsakaninsu fili ne da waya mai ƙaya. Sojojin 'yan gutsattsarin kwali ne, kowane ɗaya bataliya guda. Mai kai hari sai ya fara da ruwan igwa, sannan ya fito da mutanensa daga rami su ratsa filin. Ɗan ludo ake jefawa, a duba wani jadawali, shi zai faɗa maka ko igwar ta tsinke wayar ko tana nan tana jiran mutanenka.

Mu uku muka kamu da son abin. Bulus ɗan unguwar Nasarawa ne, dattijon coci, amma ka sa shi gaban allon nan sai ya koma wani mutum daban. Shi ya ɗauki Ingila. Alhaji Garba mai kula da sito, mutumin Makera, ya ɗauki Jamus, yakan ce shi dai zamansa yake a rami yana jan carbi, Bulus ne ke kawo masa kai. Ni kuma aka ba ni alƙalanci saboda na fi su haƙurin karanta littafin dokokin. A bayan sito muke yi lokacin hutun rana, allon a kan dilar atamfa, motsi ɗaya a kowace rana. Mun san dokar kamfani ta ce duk wasan da ake jefa ɗan ludo a harabar aiki caca ne, hukuncinsa kuwa yana iya kaiwa ga kora. Muka lallashi kanmu da cewa ai ba a sa komai a ƙasa.

Abu biyu muka saba yi da suka kusa hallaka mu. Na farko, sunayen ƙauyukan Faransa sun gagari bakinmu, Alhaji ya ce ba zai karya harshensa a banza ba. Sai muka liƙa salatif a kansu muka rubuta sunayen sassan masaƙa: Boila, Rini, Saƙa, Ƙofar Manya. Na biyu, dokar wasan ta ce kowa ya rubuta umarninsa a ɓoye ya ba alƙali, sai ranar da aka sa a buɗe. Takardar da ta fi kusa da hannu kuwa ita ce fom ɗin neman kaya daga sito, a bayansa suke rubutawa.

Ran Litinin Bulus ya miƙo mini tasa takardar daidai lokacin da jiniyar komawa aiki ta yi kuka. Ina riƙe da fayil ɗin masu neman hutu, sai na cusa ta ciki da niyyar in cire in na isa ofis. Na isa na tarar da mutane na jirana, na manta, na tura fayil ɗin ciki. Ga abin da Oga Tanko ya buɗe ya gani: “Laraba, ƙarfe bakwai da rabi na safe. A fara da ruwan wuta a kan Boila. Da an busa usur layi uku su fito lokaci guda, kada kowa ya tsaya ɗaukar wanda ya faɗi. A tsare Ƙofar Manya kada taimako ya shigo. Kwamanda Bulus.”

Sai kun san yadda garin yake a lokacin za ku gane. Zamanin soja 'yan ƙungiyar ƙwadago bakinsu a ɗinke yake. Da farar hula suka hau sai kowa ya samu murya, kullum ana taro a bakin get, ana maganar yajin aiki. Bulus kuma shi ne wakilin ƙungiya a sashensu. Boila kuwa ita ce tukunyar tururin da ke ciyar da duk masaƙar, in ta fashe ba injuna kaɗai za ta ci ba.

Oga Tanko ya kira ni, ya juyo mini da takardar.

“Malam Habu, ka san hannun nan?”

“Na sani, yallaɓai. Na Bulus ne.”

“Ta ina ta shigo fayil ɗin nan?”

Na ce ban sani ba. Wannan ƙarya ta fito daga bakina tun kafin in yi shawara da zuciyata. Abin da na hango kawai shi ne kujerata, da yarana huɗu a makaranta. Ya ce in buga wa Bulus kweri, wato takardar tuhuma da ake ba ma'aikaci awa ashirin da huɗu ya kare kansa a rubuce, tare da takardar dakatarwa. Da yatsuna na buga su, har na duba ko akwai kuskuren rubutu.

Ran Talata amsar Bulus ta zo, layi biyu kacal. Ya ce wasa ne, ba shi da alaƙa da kamfani, kuma ba zai ambaci sunan kowa ba. Da rana Alhaji Garba ya tare ni a bayan kantin abinci.

“Habu, mu je mu faɗa musu gaskiya mana.”

“Alhaji, bari mu ga yadda za ta kaya. Wataƙila su bar maganar.”

Ya ce, “To. Allon dai na nan. In ka shirya ka aiko.”

Safiyar Laraba aka jibge masu gadi a Boila, motar 'yan sanda a bakin get. Bakwai da rabi ta yi ta wuce, ko tsuntsu bai motsa ba. Na ɗauka shi ke nan, ashe Oga Tanko cewa ya yi tsaron da aka sa ne ya tsorata su. Ƙarfe goma kwamitin ladabtarwa ya zauna. Ƙa'idarsa mutum huɗu ne: manaja a matsayin shugaba, shugaban masu gadi, wakilin ƙungiya daga wani sashe, sai sakatare mai rubuta abin da aka yanke. Sakataren ni ne.

Shugaban masu gadinmu Baba Ishaya ne, tsohon samanja da ya yi yaƙin basasa, mutum mara yawan magana. Ya karanta takardar sau biyu ya ce, “Oga, wannan oda ce irin ta soja. Wanda ya rubuta ta ya taɓa ganin yadda ake rubuta oda.” Wakilin ƙungiya ya yi ta kame-kame. Oga Tanko ya dubi Bulus ya ce zaɓi biyu gare shi, ko ya faɗi su wa ke cikin layi ukun nan, ko a sallame shi a miƙa shi ga motar da ke waje. Shekarar Bulus ashirin da wani abu a kamfanin. Ya tsaya da hularsa a hannu, ya dubi silin, ya dubi taga, ya dubi takalminsa. Ni kaɗai ya ƙi duba, don kada idonsa ya tona ni.

“Yallaɓai, na faɗa wasa ne. Ba ni da ƙari.”

“Malam Habu, rubuta. Kwamiti ya yanke cewa...”

Na ɗora biro a kan takarda, hannuna ya ƙi tafiya. Kunya ce ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na miƙe tsaye na ce, “Yallaɓai, ni na sa takardar a fayil. Ni ne alƙalin wasan. A ba ni izini in aika sito.”

Ba a yi minti goma ba sai ga Alhaji Garba da allon a kansa, yana tafiya a hankali kada sojojin su zube. Aka ajiye a kan teburin taro. Oga Tanko ya leƙa ya ga Boila, ya ga Ƙofar Manya, ya taɓe baki ya ce wannan ai ko jiya ana iya liƙa su. Baba Ishaya ya kankari salatif ɗin da farce, ya ga ya tsufa har ya yi baƙi da man ƙosai. Sai ya ce, “In wasa ne, a buga. Kwamanda, ga odarka, yau ce Laraba. Kai harin mu gani.”

Haka muka buga a gaban kwamiti, ni da littafin dokoki. Bulus ya jefa ɗan ludo don ruwan igwa, ɗaya ta fito. Na duba jadawali na ce waya ba ta tsinke ba. Oda kuwa an riga an rubuta, babu janyewa. Bulus ya turo layinsa uku cikin fili. Alhaji ya jefa nasa, shida. Ya jefa kuma, biyar. Ya riƙa tsince kwalayen Bulus ɗaya bayan ɗaya yana cewa, “Yi haƙuri, ɗan'uwa, ba ni ba ne, ƙa'ida ce.” Kafin a ce haka babu ko ɗaya da ya isa Boila.

Baba Ishaya ya ɗauki kwali ɗaya ya juya shi a tafin hannunsa.

“Wannan mutum nawa ne?”

Na ce bataliya guda.

Sai ya ce shi ma ya taɓa zama a rami, ruwa har gwiwa, wani hafsa ya zo musu da takarda irin wannan. “Abincin da aka dafa mana da rana, ko rabi ba a samu masu ci ba.” Ya ajiye kwalin a hankali, ya gyara murya, ya juya ga manaja. “Oga, mutumin nan ko akurkin kaji ba zai iya kamawa ba. A bar shi ya koma gyaran injinsa, can ne ya iya.”

Wakilin ƙungiya ne ya fara tuntsirewa da dariya. Oga Tanko ya yi ƙoƙarin riƙe tasa, ta ƙwace masa. Ni kuwa sai na zauna ba tare da an ba ni izini ba, ina ta alhamdulillahi a zuci. Aka janye dakatarwar Bulus nan take, aka sallami 'yan sanda. Mu ukun aka ba mu takardar gargaɗi saboda wasa a harabar aiki. Ni na buga tawa, na sa hannu cewa na karɓa, na jera ta a fayil ɗina, kuma ban taɓa jin daɗin buga wata takarda kamar wannan ba.

Da aka tashi aiki na cim ma Bulus a inda ake jiran bas ɗin Nasarawa. Na fara ba shi haƙuri. Ya ce ko matarsa bai faɗa wa an dakatar da shi ba. Ran Talata da kayan aikinsa ya fito, ya kawo amsar kweri a get, ya je ya zauna a harabar coci har lokacin tashi ya yi, sannan ya koma gida yana cewa aiki ya yi yawa. Ya dafa kafaɗata ya ce, “Habu, na san za ka miƙe. Lokacin ne dai ban sani ba.”

Ku da kuke riƙe da fayil ɗin mutane yanzu, abin da ya sa na ba ku labarin nan ke nan. Takarda in ta shiga fayil ba ta iya cewa da wasa aka rubuta ta. Manaja abin da ke rubuce yake gani, akawu ne sau da yawa ya san yadda aka yi ta zo. In kun san abin da zai wanke mutum, ku faɗa a ranar, ko da zai shafe ku. Ni na yi sa'a na samu wanda ya iya rufe bakinsa kwana biyu saboda ni. Ba kowa ne zai jira ku haka ba, kuma bai kamata a sa shi jira ba.