Buhunan da Baba Umara Ya Hana Gonarsa

Da an idar da sallar asuba, Baba Umara ba ya komawa gida. Ƙarfen sabis ɗin waya yake nufa, can gefen ƙauyenmu a ƙasar Auyo, ya buɗe shinge, ya duba man janareta, ya kori awakin da suka kwana a gindin katanga. Gadin nan shi ne aikinsa tun muna yara. Yanzu ido ya yi rauni, a watan nan zai ajiye. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma abin da aka yi bara ba zan bari ya wuce shiru ba.

Yayata Zaituna tana koyar da matan aure a Islamiyya. Digirinta na biyu, a ilimin tauhidi, ta waya take yin sa, malamanta suna wata ƙasa. Darasi ta waya, jarrabawa ta waya. Abu ɗaya ya rage: ta zauna gaban malamai ta bidiyo, ta kare binciken da ta rubuta. An gaya mata in ta rasa wannan zama sai baɗi, ga shi malamin da ke duba aikinta zai bar makarantar.

Ranar ta faɗo a ƙarshen damina, kogi ya cika ya batse. Da hantsi jingar gabas ta ɓalle. Kamar yadda muka saba, kowa ya ruga ya tare bakin gonarsa da buhunan ƙasa. Baba Umara ma ya cika nasa tuntuni, suna jibge a bakin shinkafarsa da ta fara fid da kai. Sai dai ruwan ya nufi ƙarfen nan ma, janareta kuwa a ƙasa yake. Idan ya sha ruwa, sabis ya ɗauke ke nan a duk yankin.

Ya kira Shu'ibu mai kwalekwale, Bafillace, abokin wasansa.

"Kwaso mini buhunana, kai su gindin ƙarfe."

"Kai Babarbare, ashe da gaske ba ku da hankali! Shinkafar fa? Ƙarfe za ku ci da rani?"

"Yarinyar nan yau take zama da malamanta. Tuƙa, bawana, ka bar surutu."

Shu'ibu yana mita yana lodi. Suka zagaye janareta da buhuna, ruwa na tsatsowa ta ƙasa, Baba Umara na kwarfewa da bokiti, rigarsa ɗaure a ƙugu.

A aji kuwa, Yaya na kan benci, waya jingine da littattafai, ruwa ya fara lasar dokin ƙofa. Ana tsakiyar tambaya hoto ya tsaya cak. Muka jiyo janareta yana tari daga nesa. Yaya ta shiga salati. Can sai ƙarar ta daidaita, aka ce, "Malama, kina jin mu?" Ta ce, "Ina ji," ta ɗora daga inda ta tsaya. Kafin la'asar suka ce ta ci.

Shinkafar Baba Umara kuwa ko kanta ba a sake gani ba. Da Yaya ta je godiya tana kuka, cewa ya yi, "Share hawayenki, 'yata. Ni dai ki koya wa matanmu abin da kika karanto."

Baba, kai ne ka tsaya cikin ruwa har ƙugu don karatun da ba ka taɓa ganin shafinsa ba, ba 'yarka ba, ba jikarka ba. Takardar shaidar babu sunanka a ciki, amma mu mun gani. Mun gode. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya mayar maka da mafi alheri.

Ku kuma 'yan uwana samari, godiya ba ta baki kaɗai ba ce. Bana kada mu bar tsohon nan ya sunkuya a gona. Ranar dashe kowa ya fito, mu fara da tasa.